Muryar Yayana Ba Ta Cikin Tef Ɗin

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk 'yan'uwa masu karatu. Don girman Allah ki ɓoye sunana, domin duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi yana karanta kaɗan zai gane gidanmu, kuma ba na so maganar nan ta isa kunnen mahaifiyata ta bakin wani. Masu zagi ku yi haƙuri ku kai ƙarshe tukuna. Babu abin da za ku faɗa min wanda ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni mace ce, aikin kwamfuta na karanta kuma shi nake yi a wani ƙaramin kamfani a cikin gari. Mu ake kira mu haɗa wa ofisoshi babbar kwamfutar ajiya, wadda muke ce wa saba. Mu biyu Mma ta haifa, ni da yayana, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya har na gama karatu. Mai ɗaukar bidiyo ne. Tun ina firamare yake yawo da kyamara a kafaɗa, aure ne, suna ne, saukar Alƙur'ani ce, tarbar alhazai ce, babu lungun Zango da bai ja wayar fitilarsa ba. Amma kun san halin mai kyamara, kowa yana ciki ban da shi. Muryarsa kawai ake ji daga baya yana cewa, "Ku matso kaɗan! Hajiya, yi dariya mana, ba asibiti aka zo ba!" Ita ma ɗin in zai ba masu biki nasu sai ya ɗora kiɗa ya rufe ta. Ainihin ɗaukar, mai muryarsa, a shagonsa take zama. Bidiyo ɗaya tak na sani da ya zauna gaban kyamara, wata Sallah ce Baba yana da rai, na fizge kyamarar don rigima. Yana zaune kusa da Baba a ƙofar ɗaki suna cin tuwo, Baba yana yi masa tsiyar ya ƙi ƙiba, shi kuma yana dariya har ya ƙware.

Da kasakasan bidiyo na da suka fara funfuna, sai ya dage ya mayar da su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da waɗanda suka ruɓe, har da na gidanmu. Ni na haɗa masa saba a shagon, ni kuma na ce masa saba kaɗai ba ta isa ba, ga ɗauke wuta ga ruwan Kumasi, dole a riƙa kwafe komai a tef ana ajiyewa a wani wuri dabam. Ni na kawo shawarar, jama'a. Bai roƙe ni ba. Na samo masa na'urar tef ɗin, na rungumo ta a torotoro, motar hayarmu ta nan, kamar jaririya, na jona ta da sabar, na saka manhajar, na tsara cewa duk Juma'a in ya zura tef za ta kwashe komai da kanta. Tef huɗu na kawo, a riƙa juya su. Don in tabbatar na'urar tana rubutu, sai na ɗauki hotona da waya a nan cikin shagon, na kwafa shi a kan kowane tef, fitila ta yi kore. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Injiniya, ya kwafa ke nan?" Haka yake kirana, rabi yabo rabi tsiya. Na ce ya kwafa. Gwajin nake nufi, shi kuma ya ɗauka duk aikinsa na shekaru ne ya shige. Ya ce, "To dawo min da biki ɗaya daga ciki in gani da idona mana." Ni kuwa ina sauri, ƙawata tana ta kira za mu wajen tela. Na ce, "Yaya, wannan ba irin kaset ɗinku na zamanin da ba ne, shi ya san aikinsa." Ya yi dariya ya ce, "Yoo, na ji. Masu digiri sun yi magana."

Akwai abin da ya kamata ku sani game da yayana. Yana saurayi ya taɓa ɗora wasan ƙwallo a kan kaset ɗin auren wata amarya bisa kuskure, uwar amaryar ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarsa. Tun daga ranar, yana gama ɗauka zai ɓalle ɗan harshen nan na bayan kaset don kada a sake ɗora wani abu a kai. Ya zame masa jiki kamar alwala. To shi ma tef ɗin saba yana da wani ɗan jan makulli a gefe, in ka tura shi na'ura ba za ta iya rubuta komai ba. Ina fita daga shagon ya bi su duka huɗun ya kulle. Ina jin a tunaninsa makullin nan goge abin da ke ciki kawai yake hanawa, tunda ai ƙanwarsa ta ce wannan ba irin nasu ba ne. Duk Juma'a sai ya zura tef, na'ura ta haɗiye, ta yi 'yar ƙara, ta tofo shi yadda ya shiga. Ya sa a aljihu, in an sauko daga masallaci ya biya gida ya miƙa wa Mma, ta buɗe tsohuwar adakar ƙarfe ta Baba da ke ƙarƙashin gadonta ta saka, ta ba shi na gaba. "Ajiyar Yaya" take ce musu, ko ni ba ta bari in taɓa da hannun mai.

Ga inda laifina yake. Na sani. Tun Juma'ar farko saƙo ya shigo imel ɗina da jan rubutu cewa tef a kulle yake, ba a kwafi komai ba. Ina karantawa na gane abin da ya yi. Kun san me na yi? Dariya. Na ce yauwa, na kama tsohon nan, bari in je ranar Asabar in yi masa tsiya gaban Mma, in rama "masu digiri" ɗin da yake ce min. Maganar da kiran waya ɗaya zai gyara, na ajiye ta don in ji daɗin tsokana. Asabar ta zo na yi wanki. Ta gaba aka tura mu aiki wani gari. Saƙon ya riƙa zuwa duk mako har ya fara ba ni haushi, sai na sa shi ya riƙa wucewa wani kwando inda ba zan gan shi ba. Na ce wa kaina ai sabar faifai biyu gare ta, in ɗaya ya mutu ɗaya yana nan, gaggawar me ake? Kuma ba wai ba ma haɗuwa ba. Kwano ɗaya muke cin wake da shinkafa a ɗakin Mma, a gabana yake miƙa mata tef ɗin, sai na hau mota zan tafi in ce kai, na manta. Wata rana har cewa ya yi, "Injiniya, na'urarki tana kyafta wata fitila ruwan lemo, lafiya dai ko?" Idona yana kan waya na ce, "Haka take yi, zan zo in duba." Wace irin ƙanwa ce wannan? Mutumin da ya taɓa tafiya a ƙasa daga Zango har makarantarmu don kawai na manta katin jarrabawa?

Bara ya rasu. Yana dawowa daga ɗaukar wani biki a kan babur, wata babbar mota ta buge shi wajen Suame, ko asibiti bai kai ba. Wayarsa ta niƙe a wurin, shi kuma dama ba mai tura saƙon murya ba ne, in yana da magana kira yake yi. Muka rufe shagon, ba wanda ya iya kallon ƙofarsa har aka yi arba'in, kuma lokacin damina ne. Ranar da na buɗe, warin ƙuna da danshi ne ya tare ni. Kwanon rufin ya yi yoyo daidai kan teburin, sabar kuma tana jone da wuta, ni da na haɗa ta ko tunanin in je in kashe ban yi ba. Na ciro faifan biyu na kai wa wani gwani a Accra, ya riƙe su ya yi iya yinsa, ya kira ni ya ce, "Kafra, yi haƙuri, 'yar'uwa, ba abin da ya rage kuraa, ko ɗaya." Duk da na san abin da zan tarar, na je na karɓi tef ɗin wajen Mma na ce zan duba, na kai ofis lokacin da kowa ya fita cin abinci. Zuciya ba ta da hankali, ina ta cewa ko Allah Ya sa ya taɓa manta kulle ɗaya. Na zura na farko. Fuskata ce, ina murmushi, na ɗaga yatsu biyu. Na biyu, ni ce. Na uku, na huɗu, ni ce dai. A gefen hoton ana ganin hannun rigarsa mai ruwan toka da rabin agogonsa, yana tsaye kusa da ni. Iyakar abin da na ajiye wa yayana ke nan a duniya. Na shiga banɗakin ofis na toshe bakina da mayafi na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi irinsa ba.

Na mayar wa Mma na ce na'urar karantawa ce ta lalace, ana nemo wata. Yau wata da watanni ke nan ina jan wannan ƙaryar. Na bi gidajen da ya yi wa aiki ina roƙon bidiyon bikinsu da sunan ina tattara tarihinsa, na zauna na saurara ko zan tsinci kalma ɗaya, kiɗa ne kawai daga farko har ƙarshe. Mma kuma idonta ya yi rauni tun rasuwar. Duk Juma'a, daidai lokacin da yake zuwa, sai ta jawo adakar ta fito da su ta share musu ƙura da bakin mayafinta. Ta ce min, "Ni ba gani nake so ba, idon ma ina yake? Muryar nake so. Wannan na Sallah, inda ya ƙware Babanku yana buga masa baya. Na fara manta yadda yake dariya, ke kina tunawa?" Na ce ina tunawa. Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka da kika yi wannan dabara. Da ba ki yi karatu ba da yanzu mun rasa shi gaba ɗaya." Jama'a, da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu addu'ar shekara ta matso, ta riga ta gaya wa dangi za a kunna bidiyon bayan an shafa fatiha, har ƙanwarta ta unguwar Atonsu ta ce za ta zo da babbar talabijin. Abokin aikina, shi kaɗai ya sani, ya ce, "Cale, abokiyata, ki ce danshi ya ɓata su, wa zai gane?" To danshin ina? Na ɗakin Mma. Ke nan in ɗora wa tsohuwar da take share su da mayafinta, ta ƙarasa rayuwarta tana ganin ita ta kasa riƙe ajiyar ɗanta. Ko in ce Yaya ne ya kulle su, wanda gaskiya ne, amma rabinta ce, kuma ba ya nan balle ya ce ya tambaye ni zancen fitilar. Ko kuwa in durƙusa in faɗa mata duka, cewa na sani tun makon farko na yi dariya. Na san Mma, ba za ta zage ni ba. Za ta ce haka Allah Ya so, ta juya fuska bango. Ni kaɗai na rage mata, ina tsoron ranar da za ta ji sallamata ta tuna abin da na hana ta ji.

Jiya ta kira ni ta miƙo min su, ta ƙulle su cikin ɗankwalinta na zuwa masallaci, don na ce mata na'urar ta kusa isowa. Har na kai zaure ta ɗaga murya ta ce, "Ki zauna gaba a torotoro, ki ɗora shi a cinya. Kada ki bari a matse min shi."

Suna nan kan cinyata yanzu da nake rubutun nan. Don Allah wanda ya taɓa rasa wani, wadda ta haifa ta san zafin ɗa, ku gaya min gaskiya ko da ɗaci. Me zan yi?