Ku Sauke Mahaifiyata Daga Kan Allonku

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Talla,
Kamfanin Madarar Farin Wata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, sunana Muhammadu Buba, malamin firamare ne ni a Takur, cikin Dutse. Asalinmu makiyaya ne daga wajen Miga, amma rugarmu ta daɗe a bayan duwatsun garin nan. Na biyo ta jarida ne saboda bencin ofishinku na yanki ya riga ya san nauyina.

Ba ka san ni ba, amma ka san mahaifiyata. Ita ce matar da ke kan babban allonku na hanyar shiga Takur, ƙwaryar nono a gabanta, gwangwanin madararku a hannunta. A ƙasa kun rubuta: "Mai nono ma ta gane, Farin Wata ta fi." Mu Inna muke ce mata.

Na ɗaya, yadda aka ɗauki hoton. Bayan an ba mu jiha, Dutse ta cika da ma'aikatan da suka baro iyalinsu a Kano, kowa na neman abin da zai sa wa cikinsa da rana. Inna ta samu gindin wata darbejiya kusa da sakatariya tana dama fura. Kindirmonta ya yi suna, har manya kan aiko masinja da kwano. Wata rana yaranku suka tsaya da mota mai lasifika, suka sha, suka yaba, sannan ɗayansu ya miƙa mata gwangwani ya ce ta ɗan riƙe. A wurinmu baƙo ba ya miƙo abu a bar hannunsa a sarari. Ta karɓa da hannu biyu, aka ɗauki hoto. Suka bar mata bokitin roba mai tambarinku suka tafi. Gwangwanin kuwa ko buɗe shi ba ta yi ba, mai shayin da ke gefenta ta ba.

Na biyu, abin da allon ya faɗa wa gari. Wanda ya tsara muku tallar nan ya iya aikinsa, na ji an ce kaya sun tafi sosai. Abin da bai sani ba shi ne, a kasuwar nono babu zagin da ya kai a ce mace tana dama garin madara da ruwa, ta kwana da shi ya yi tsami, ta sayar da sunan na saniya. Ga kuma Inna a sama, ta fi soro tsawo, tana murmushi da shaidar a hannunta. Ba wanda ya fito ya zage ta. Mutum zai kurɓa, ya juya a baki, ya ce, "Inna, yau na gwangwani ne ko na saniya?" Sai ya yi dariya. Masu wasa suka ci gaba da wasa, masu tsantsani suka koma wurin wata. Matan rugarmu suka ja ƙoransu zuwa wata inuwar, kada abin ya shafe su, kuma ban ga laifinsu ba. Inna ba ta karatun boko, wata daga cikinsu ce ta gaya mata abin da rubutun ya ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta riƙa dawowa da rabin ƙwarya tana raba wa maƙwabta, kafin damina ta fita ta daina zuwa gaba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu aka raba shanu, na ɗauko ta ta dawo gidana. Daga ƙofar gidan ana hango bayan allon.

Na uku, zuwana ofishinku. Manajan yanki mutum ne mai fara'a, kullum sai ya sa an kawo mini shayi da madararku. Ya ce in gode wa Allah, Inna ta shahara, wasu roƙo suke yi a sa su. Ya ce karɓar bokiti yarda ce. Ban yi faɗa ba. A farko ina fita da zuciya tana tafasa, daga baya na lura ina shan shayin har ƙasa, in yi godiya, in nemi motar Dutse.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wasu samari suka hau allon suka shafe fuskar da baƙin fenti, don a ganinsu bai dace mace ta tsaya haka a bakin hanya ba. Na koma wurin manajan. Ya yi murna, ya ce to ai magana ta ƙare, an rufe fuska, wa zai gane ta? Ranka ya daɗe, nan ne na san ba mu fahimci juna ba tun farko. Ƙwaryar da ke hoton ta aurenta ce, da zanen danginsu a jiki. Faifan da ke kai ita ta saƙa, kuma kowace mace da irin saƙarta, a kasuwa akan gane faifai kafin a ga mai shi. Fentin bai ɓoye kowa ba. Yanzu dai mace ce ba fuska, riƙe da gwangwani, da ƙwaryar Inna a gabanta. Idan ka hau acaɓa ka ce a kai ka Mai Nono, a gindin allon za a sauke ka. Ni ma haka nake cewa, tunda sunan wurin ke nan.

Na huɗu, dalilin wannan wasiƙa. Inna tana kwance tun bayan babbar sallah, kuma jikin ba na tashi ba ne, mun sani, ita ma ta sani. Ni ne ɗanta na fari. A al'adarmu ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, tun ina yaro ba ta taɓa roƙona komai ba. Shekarun nan duka ba ta ambaci allon a gabana ba ko sau ɗaya. Makon jiya ta kira maiɗakina, ta ce a gaya wa "mutumin gidan nan" idan ta cika kada a bi da makararta ta ƙarƙashin hoton. Daga unguwarmu hanya ɗaya ce ke zuwa maƙabarta, kuma ta gindin allonku ta bi. Ta baya duwatsu ne, ba a hawa da gawa. Na ce a gaya mata to.

Don haka ga roƙona. Ku sauke allon. Ba na neman diyya. Ba na so a ba mu haƙuri a rediyo, don zai tuna wa waɗanda suka manta ne kawai. Ba na so a sake fenti ko a canza rubutu. Idan lebura ne babu, ku ba ni izini, ina da ƙanne kuma maƙwabcina yana da tsani. Da na hau tuni, amma an gaya mini dukiyar kamfani ce, kuma ba na so ranar ta zo ina hannun 'yan sanda. Ina roƙo a hanzarta. Yau kwanaki ke nan ba ta karɓar komai sai ruwa.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka ta halal, ya ba ka ikon yin adalci a kujerarka. Idan mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta cikin mutunci, kuma ranar da za ka ɗauke ta, Allah ya sa ka samu hanyar da za ka bi da ita kai tsaye.

Wassalam.

Muhammadu Buba,
Takur, Dutse.