Tabaraun Auta

Zuwa ga ɗana, yayan Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da mai ɗakinka da takwarata. Ka ce wa takwarata labarin giɓinta ya iso ni, ta rage washe baki sai haƙoran sun fito.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. A waya tun ban kai tsakiyar magana ba kake tare ni da "to Inna, to Inna". Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, idon ne. Direban da ke bi ta wajenku zai miƙa maka.

Tabaraun Auta ya lalace. Kai ba ka taɓa zama ka ga yadda muke aiki da ƙanwarka ba, bari in gaya maka. Shafin nan na intanet da nake karɓar odar ɗinki, rubutunsa kamar ƙafar kiyashi yake, ga talla ta ko'ina tana tsalle. Da idona ya fara ja baya har na ce zan rufe keken ɗinkin. Auta, Allah ya jiƙanta, ta ce ba a gabanta ba. Ta zauna ta haɗa wani ɗan abu ta liƙa wa kwamfutarta, ta ce sunansa Tabarau, tunda a kan shafin mutane ake ɗora shi. Da na buɗe sai talla ta ɓace, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, sabuwar oda ta fito kore, wadda ta kusa makara ta fito ja. Uwa uba, tunda lambobin tef ɗin awo sun daina ganuwa gare ni, sai ta sa shi yana juya min awon mutane zuwa taƙi da yatsu. Ya ce min tsawon riga taƙi huɗu da yatsa biyu, in ɗora hannu a kan yadi in ja alli.

Tun rasuwarta da shi nake aiki. Kullum da safe idan na buɗe sai in ga ya rubuta a sama, "Inna, ga aikin yau." Ita ta sa masa wannan.

To masu shafin sun wayi gari sun sake masa fasali, sai Tabarau ya rikice. Koren ya tafi, jan ya tafi, ƙafar kiyashi ta dawo. Maƙwabciyata mai saƙa ita ke karanta min odar yanzu, ita ma sai ta kai hancinta jikin gilashin. Jiya ta ce min, "Hajiya, makaho ne fa ke jan makaho."

Auta ta taɓa ce min ta ba ka mabuɗin inda take ajiye aikinta a intanet. Ka duba min don Allah. Maganar da ka yi ranar da muka rabu, cewa in tattara in koma wajenku, ban manta ba, kuma na san ƙauna ce. Amma ina da ƙarfina, kuma a ɗakin nan kujerarta take kusa da kekena. Gyara nake nema, ba ɗaki ba.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka.

*

Zuwa ga mahaifiyata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa da ban girma, tare da fatan Inna tana cikin ƙoshin lafiya. Takwararki ta ce a gaya miki giɓin ado ne, kuma ke ma ta ga naki.

Na buɗe aikin Auta. Sai da na daɗe kafin in iya karanta shi, ba don wuyarsa ba. Inna, ƙanwata gwana ce. Ni da nake wannan sana'ar a ofis ban san ta kai haka ba, kuma na ji kunyar rashin tambayarta tana raye. Tabarau ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa burauza, wato abin da ake buɗe shafukan intanet da shi. Ba ta taɓa shafin mutane ko kaɗan, yadda yake bayyana a gabanki kawai take sauyawa. Da suka canza wa abubuwa wuri sai ta rasa inda za ta same su. Na nuna mata sababbin wuraren. Ki kashe kwamfutar ki kunna, gyaran zai sauka da kansa. Gaisuwar safiyar tana nan yadda ta bar ta.

Na kuma tarar da ƙaramin kuskure a lissafinta na awo, wata lamba da ba ta dace da ta littafi ba. Na daidaita ta.

Sai dai ina roƙon Inna ta dubi gaskiya. Yau na gyara, gobe za su sake canzawa. Ɗakin da muka ware miki yana nan, tagarsa na kallon bishiya, mai ɗakina har labule ta sa. Kin yi wa duniya ɗinki ya isa. Ba na samun natsuwa idan na tuna ke kaɗai ce a gidan nan da almakashi a hannu da ido irin naki.

Ki huta lafiya.
Ɗanki mai biyayya.

*

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. A gai da mutanen gida. Labule na gode, Allah ya saka mata.

Ranar da na kunna na ga "Inna, ga aikin yau" ya dawo, sai da na tashi na rufe ƙofa don kada mai saƙa ta shigo ta same ni a halin da nake. Na yi maka addu'a har bakina ya gaji. Na hau keke kamar yarinya.

Amma abin bai zo da daɗi ba. Rigunan yara na fara yankawa. Na ga awon ya yi min kaɗan a ido, sai na ce oho, yaran bana ne ba sa cin abinci. Duk an dawo da su. Wata uwa ta turo hoton 'yarta, riga ta maƙale mata a kai, hannaye a sama kamar an ce ta miƙa wuya. Mai saƙa ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da ta kalli fuskata ta haɗiye sauran. Wata kuma ta rubuta a ƙarƙashin shagona, inda kowa ke gani, wai tsohuwar ba ta iya awo ba. Ni da na yi wa iyayen wasunsu ɗinkin suna.

Masu shafin sun aiko da gargaɗi. Idan aka sake kai ƙara ɗaya za su rufe min shago. Ga kuma oda a gabana, rigunan aiki na ma'aikatan wani gidan abinci, yadin yana shimfiɗe a kan tebur na ƙi sa masa almakashi. Tsoron hannuna nake ji.

Na san na'ura ba ta ƙarya, kai kuma ka duba ta da iliminka, saboda haka laifin nawa ne. Ina zaune ina kallon hannun nan ina tambayarsa yaushe ya fara cin amanata. Na tuna ranar da Auta ta kama shi ta danne a kan teburin nan, ta ce in buɗe yatsu iya buɗewa, ta sa rula daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Tana yi tana tsokanata, wai, "Inna, wannan ai ba taƙi ba ne, ɗan taƙi ne. Da wannan guntun hannun kika riƙa dukan Yaya? Shi ya sa bai ji ba." Na ce ta bari in gwada a kanta ta ji ko guntu ne. Sau uku ta auna, wai don kada ta cuce ni.

A lokacin hannun yana da gaskiya. Yanzu ban sani ba. Wataƙila maganarka ce daidai, tsufa ba ya sallama. Idan ka ga direban ka tambaye shi ko motarsa za ta ɗauki keke, don ko ban taka shi ba ina son in riƙa ganinsa. Kujerarta ma.

Ka yi min addu'a.
Innarka.

*

Inna,

Gaisuwa da neman gafara. Kada ki nemi direba. Hannunki lafiyarsa ƙalau.

Lambar da na ce miki na daidaita, ita ce. Auta ta rubuta taƙi santimita goma sha takwas. Na duba littafi na ga taƙi ya haura ashirin da biyu, sai na ɗauka yatsanta ne ya zame. Ban san taƙinki ta auna ba, ba na littafi ba. Da na faɗaɗa shi sai Tabarau ya riƙa ba ki ƙidaya kaɗan, ke kuma kina aunawa da hannunki na gaskiya. Ni na matse wa yaran nan riguna, ba ke ba.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma gara ki ji daga bakina. Da na karanta wasiƙarki na gane, sai da na ninke ta na sa a aljihu na tafi aiki. Zuciyata ta ce min ga Inna za ta zo da ƙafarta, yi shiru kawai. Da yamma na nuna wa mai ɗakina. Ta karanta, ta dube ni ta ce, "Idan ta zo a haka, ba Inna za ka kawo ba, gangar jikinta za ka kawo. Ni ban sa labule don wannan ba." A daren na ɗauki biro.

Na rubuta wa masu shafin da matan da aka ɓata wa riguna, na gaya musu inda kuskuren ya fito, kuma sabon yadi yana wuyana. Gargaɗin dai sun ce yana nan sai sun ga aiki na gaba.

Na mayar da lambar Auta, amma ban ɓoye ta a ciki ba. Yanzu a gefen dama na shafin za ki ga hoton tafin hannu. Ki danna, akwati zai buɗe da lambar a ciki, manya-manya. Kin taɓa ce min gaɓoɓinki na ciwo da sanyi. Idan yatsun sun daina buɗewa kamar da, lambar ma tana bukatar sauyi, kuma bai kamata ki jira ni ko wani ba. Ki sa a sake auna ki kafin ki yanka. Hannun naki ne, ke za ki rubuta.

Ki yafe min.
Ɗanki.

*

Yayan Auta,

Sallama. Na yafe maka duniya da lahira, tun ban kai ƙarshen takardar ba. Mai ɗakinka kuwa ka riƙe ta da hannu biyu, ka ce mata uwarta ta haifi 'ya.

Na kira mai saƙa ta zo da rular jikarta. Na danne hannu a tebur, ta duƙa tana ƙifta ido, ta ce goma sha bakwai. Na ce ƙarya kike, sake. Ta sake, ta ce, "Hajiya, ko alƙali za a kira sha bakwai ne. Kin motse." Na ce ita ma ta je ta dubi madubi.

Na danna tafin hannun, akwatin ya buɗe. Ga sha takwas ɗin Auta a zaune. Ka san ban yi zurfi a makaranta ba, ban kuma taɓa canza komai a kwamfuta ba, abin da aka nuna min kawai nake dannawa. Amma ba wannan ya tsayar da ni ba. Ita ta buga lambar nan da yatsanta, tana dariya. Kayanta duk na rabar in ban da kujerar, ga kuma wannan lambar da ta bar min. Na daɗe da yatsa a kan maɓallin gogewa.

Sai na tuna halinta. Yarinyar da ba ta iya ganin abu bai dace da mutum ba ta ƙyale, ko na waye. Da tana nan da tuni ta ƙwace kwamfutar ta ce, "Inna, ke da aka ce ki yi ɗinki kin tsaya gadin lamba?" Na yi bisimilla na goge takwas, na nemo bakwai na danna. Ni da kaina. Awon ya sauya a gabana, layi bayan layi.

Na yanka rigunan gidan abincin. An kai musu, ina jira.

Innarka.

*

Ɗana,

Gaisuwa a gurguje, direba na tsaye a ƙofa.

Sun sa rigunan. Sun turo hoto dukkansu a jere, har da wani mai ƙiba a ƙarshe, tasa ta zauna masa cif. Masu shafin sun cire gargaɗin.

Telan bakin titi ya ji labari, shi ma idonsa ya fara. Ya zo ya ga Tabarau ya ce wane kamfani ya yi. Na ce 'yata ce ta yi, ɗana ya ƙara masa akwati, lambar kuma ni na sa. Ka turo yadda zai liƙa a tasa kwamfutar. Zan nuna masa inda ake dannawa.

Zan zo in ga takwarata in kwana biyu a ɗakin labulen. Keke yana nan inda yake, akwai kore guda uku suna jirana.

Allah ya yi muku albarka.
Innarka.