Watandar Kwamfuta: Saura Kason Isuhu

Zuwa ga aminina Malam Isuhu, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina miƙa maka gaisuwar mutanen Kontagora, waɗanda suka san ka da waɗanda suka gaji da jin labarinka a bakina. Na rubuta ta a fili inda kowa zai karanta ne saboda duk sanda na kira ka a waya sai ka ce "za mu yi magana", kuma har yau ba mu yi ba. To yau za mu yi, jama'a na ji.

Maganar katinka ce. Kada ka ce wane kati.

Ka tuna mu uku ne, ni da kai da Bala Tela. Duk ƙaramar sallah muna cikin watandar unguwa, a haɗa hannu a sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa. Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka tura ka kwas Kaduna, ka ga ana tseren mota a kwamfuta, ka dawo kana murza sitiyari a iska har a layin alwala. Babu wanda zai iya sayen irinta shi kaɗai a cikinmu. Kai ka kawo dabara, ka ce mu yi watanda a juye: su sa suke saya su raba, mu kaso-kaso za mu saya mu haɗa sa. Sharaɗi ɗaya muka gindaya, abin da mutum ya saya nasa ne har abada.

A bayan motar masara da ta taso daga Salka muka tafi Legas. Mun isa fari fat, mai shagon farko da muka shiga sai da ya tambaye mu ko niƙa muka kawo.

Bala ya fara zaɓe. Ya ce shi ba zai zuba guminsa a abin da za a rufe da murfi ba, abin da ido zai gani yake so. Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa ya bi monitoci ɗaya bayan ɗaya yana auna su kamar zai ɗinka musu riga, ya ɗauki wadda ta fi kowacce girma da ƙeya. Har ya tambayi mai shago ko launinta yana zuba. Akwatin ƙarfen da ake jera kayan a ciki ma shi ya saya, dogo, mai maɓallin da har yau ban san aikinsa ba.

Ni na ɗauki kayan ciki: babban farantin da suke kira madabod, da furosesa, da memori, da rumbun ajiya. Na ce ni ne ƙashin bayan san. Wallahi ban san komai a kai ba. Mai shago yana jero lambobi ina gyaɗa kai, duk wanda lambarsa ta fi yawa in ce shi nake so. Ni ina son ƙaton rumbu, kai kana cewa memori za a ƙara, muka yi ta musu a gaban kanta har mutumin ya je ya ci abinci ya dawo. Da aka miƙo mana fankar furosesa, 'yar mitsitsiya, Bala ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe turawan nan ba su taɓa jin labarin bazarar Kontagora ba.

Sai kai, sarkin tsirfa. Katin hoto ka ce za ka saya, wanda in babu shi monita ba za ta nuna ko inuwa ba. Shago nawa muka shiga saboda kai? Ka ɗaga wannan a rana, ka juya wancan, ka hura, ka shinshina. Wani ka ce hotonsa na da kyau amma yana tsayawa, wani ka ce yana gudu amma motocin kamar an yanko su da almakashi. Ƙafafuna har suka kumbura. Da ƙyar ka tsaya a kan ɗaya, ɗan siriri, mafi tsadar duk abin da muka saya, ka ce a sa ma hanta ba ta da girma amma ita ake rububi. Duk guzurinka ya tafi a kansa, burodinmu ka ci har gida. Kibod da maus kuwa babu wanda ya yarda ya saya, sai da muka tsaya kai da fata aka ba mu gyara.

Mu muka dawo da kwalaye niƙi-niƙi. Kai ka naɗe naka a hankici ka zura a aljihun gaba. Da ma na lura tun ranar.

A shagona na ƙofar gida, ɗakin da nake kwana, muka haɗa ta, mai gyaran rediyo yana taya mu, ƙusoshi suka yi ragowa muka ce albarka ce. Ta tashi, Isuhu! Ka tuna ihun da muka yi har liman ya aiko a duba ko gobara ce? Maganar Bala kuma ta tabbata, dole muka buɗe mata gefe muka juya mata fankar ɗakina. Ita tana shan iska, mu muna wanka da gumi.

Abin da ba mu hango a Legas ba shi ne, kowa ya zaɓi nisan fushinsa ne. Ni ba ni da halin yin fushi, kayana a ɗaure suke cikin akwatin Bala, akwatin kuma a ɗakina. Bala ya taɓa yin zuciya ya ɗauki monitarsa a ka, mata na leƙe ta katanga, bai kai bakin rijiya ba wuyansa ya ba shi haƙuri ya juyo. Tun daga ranar ko an zage shi sai ya dubi monita ya ce ya yafe. Kai ne kawai naka fushin yake shiga aljihu.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ce, an daɗe ba wuta sai ga ta. Ni da kai muna tsere, kowa da gefensa na kibod, kafaɗa na gugar kafaɗa. Mun sha kwanar ƙarshe, ga layi nan, sai aka ɗauke wuta. Ka miƙe ka ce ka ci. Na ce ban gani ba. Aka juya ga Bala, shi kuwa ya ce shi duhu kawai ya gani, ya fashe da dariyar nan tasa. Kai kuwa ka sunkuya, ka kwance ƙusa guda, ka zare katinka, ka naɗe a hankici.

Mun ɗauka gobe za ka dawo. Sai ga takardar canjin wurin aiki ta same ka a makon, aka jefa ka kudu, ka tafi muna gaisawa sama-sama. Daga nan aure, 'ya'ya, wani canjin kan wani. Ba gaba muka yi ba, na sani. Amma ba ka sake taka Kontagora ba.

Duk sanda muka kunna ta sai ta yi 'yar ƙara, tit-tit, ta yi shiru. Na ce wa Bala mu sayi wani kati, ga su nan sun yi araha. Ya ce ramin Isuhu ne, duk wanda ya cusa wani abu a ciki shi ma zai ɗauki monitarsa, ko da wuyan zai karye.

Ka ji rasuwar Bala bara, na ga saƙon ta'aziyyarka, layi biyu. Abin da ba ka ji ba shi ne, da aka zo rabon gado sai da aka sa monita da akwati a lissafi, domin nasa ne. Magada suka zo suka gani, suka kalli juna, suka ce sun bar mini duniya da lahira. Na yi dariya a gabansu, da suka fita na rufe ƙofa na yi kuka.

Yana kwance a asibiti ya ba ni saƙo, ya ce in gaya maka ya gani, kai ka ci, tsokana ce kawai. To na isar, na sauke nauyi.

Ni dai har yanzu ban gani ba. In kana da ja, ka zo a sake.

'Ya'yana suna cewa wayar aljihunsu ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ƙila ko an sa katin ba za ta tashi ba. Na sani. Ka dai zo da shi. In ta ƙi, mu juya mata fanka mu zauna mu yi gumi kamar da. Ina kewarka, Isuhu, kuma mu biyu muka rage.

Allah Ya jiƙan Bala, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya huta. Kai kuma Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sassauta maka wannan taurin kai, Ya kawo ka tun ina da idon da zan ga wanda ya ci.

Naka har kullum,
Mamman, mai ƙashin baya.