Babbar Riga a Kan Babur

Paki, 8 ga Yuli, 1963

Zuwa ga Yaya Lado,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Kulu da yara da duk mutanen Kudan. Yaya damina? Mu nan alhamdu lillahi, sai kewa. Yau wata biyu ke nan da rasuwar Malam, ina cikin takaba, ba na leƙa ko zaure. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne.

An raba gado ranar Juma'a. Babur ɗin da Malam ya faɗi da shi a hanyar Gazara, an gyara, ya faɗo a rabon yaron nan na wajenka. Ka san ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na kuma iya zama in yi masa magana. Kai ka riƙe shi tun yaye, kai zai ji. Sun ce tunda ya sami aikin malamin gona irin na babansa, abin hawa zai yi masa amfani.

Yaya, kaina ya ɗaure. Kowa ya shigo gaisuwa da tasa. Gwaggo Indo ta ce a sayar, ƙarfen da ya ɗanɗana jini ba ya mantuwa. Wan Malam ya ce akuya ce ta gitta. Wasu sun ce tsamiyar nan ta kwanar Gazara da ma ba ta son ƙara, a ɗaura wa babur laya a wuya shi ke nan. Musa makanike kuwa ya ce shi bai ga laifin ƙarfen ba, birki lafiya, taya lafiya. Ban san wanda zan bi ba.

In har zai hau, ga abin da na ji Malam yana faɗa wa masu koyo. Ya fara a filin makaranta inda ba kowa, sai ya iya tsayawa kafin ya koyi gudu. Kada ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a kan yashi ko taɓo. Ya riƙa bin hannun hagu ko da hanya ba kowa. In ya hango jakai ko shanu ya rage tun daga nesa, don ba su san ham ba. Kada ya goya kowa sai ya je Zariya ya karɓo lasin. Akwai saura guda, amma ka bar ni tukuna.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Lantana

Paki, 2 ga Satumba, 1963

Zuwa ga Yaya Lado,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, wasiƙarka ta iso ta hannun direban motar kasuwa. Na ji daɗi da ka ce yaron yana koyo a fili, sau biyu kawai ya faɗi, kuma ya sami lasin. Allah ya saka maka.

Amma layin ƙarshe ya hana ni cin abinci. Ka ce ranar da zan fita takaba zai zo a kan babur, sanye da farar babbar rigar babansa da aka ba shi, don in gan shi in ji sanyi. Yaya, don Allah kada ya yi haka. Dole yanzu in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba.

Shekara shida Malam yana hawa, bai taɓa hawa da babbar riga a sake ba. Tuɓewa yake yi, in ninke masa in ɗaure a baya, ya tafi da 'yar ciki, sai ya isa ya saka. Ranar da ya faɗi, ɗaurin aure za shi Gazara. Rigar shuni ce sabuwa, ni na aika da ita wajen masu bugu, ta dawo tana walƙiya. Da ya kama zai tuɓe, na ce haba Malam, a ƙudundune wannan a kariyar babur, ka isa gaban mutane kamar wanda ya kwana a buhun gyaɗa? Ya yi dariya, ya ce to uwar 'yan gayu, yau dai a bar miki. Ya ɗage hannuwan rigar bisa kafaɗa ya tafi. Na tsaya ta jikin zana ina kallon yadda iska ke buɗa ta, har ina jin daɗi.

Ranar da Musa ya dawo da babur, na ji shi daga tsakar gida yana gaya wa mazan zaure cewa sai da ya sa wuƙa ya yanko tsumma daga ƙafar baya, ya naɗe a ciki ya fi sau goma. Ya ce tufa ba ta naɗewa haka sai ƙafa tana gudu. Suka ce ya yi shiru, kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare, ban musa wa Allah ba. Amma bakina ne ya hana shi tuɓewa. In na yi salla sai in rasa abin da zan roƙa, gafara ko haƙuri.

Ka gaya wa yaron maganar riga kawai. Kada ka gaya masa nawa a ciki. Uba ya tafi, in ya tsane ni kuma ban san inda zan sa kaina ba. Amma in ka ga ba zai ji ba sai an faɗa masa duka, to ka faɗa. Gara ya ƙi ni yana raye.

Ƙanwarka,
Lantana

Paki, 20 ga Satumba, 1963

Zuwa ga Yaya Lado,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Kulu, na gode da turmin atamfa da ta aiko. Na fita takaba shekaranjiya lafiya.

Ya zo da hantsi. Da na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai na tura Hussaina ƙanwar Malam ta leƙa. Ta dawo tana dariya, wai malamin gona guda ya zo taro da 'yar shara kamar mai tallan rake, riga ƙunshe a takarda a baya. A zaure ya saka ta. Ba ta ko yamutse ba.

Da ya durƙusa gaishe ni na hango takardata a aljihunsa, na gane ninkina. Ashe miƙa masa ka yi ya karanta da kansa. Ban sani ba ko in yi fushi da kai ko in gode. Ya ci tuwo, ya gaida baƙi, bai ce mini komai a kai ba. Duk yini ina satar kallon fuskarsa, ban karanta komai ba.

Da la'asar da zai tafi, ya tuɓe rigar, ya shigo har ƙofar ɗakina da ita a hannu. Kansa a ƙasa ya ce, Inna, a ɗaure mini, ni ban iya ba. Yaya, shi fa ya ɗauro ta tun daga Kudan, ɗauri mai kyau, Hussaina ta gani. Har yanzu ban san ko yafewa ce ko tuni yake yi mini ba. Na karɓa na ninke, na fita ƙofar gida a gaban mutane na ɗaure, na ja igiyar sau uku. Ya tsaya yana riƙe da babur har na gama.

Don Allah ka aiko mini da labari ya iso lafiya.

Ƙanwarka,
Lantana