Wa Zai Ciyar Da Saurona Idan Na Tafi?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, tsoro ya hana ni sakat.

Na gama digirin digirgir a nazarin ƙwari, yanzu ina bincike na kwantiragi a ƙarƙashin wani farfesa. Kada ki yi dariya, sauro nake kiwo. Wani iri ne da maganin feshi ba ya kashewa, kuma da jinina nake ciyar da su. Nakan naɗe hannun riga in ɗora damtsena a kan ragar kejin har su ƙoshi. Ba su ɗauke da cuta, sai dai ƙaiƙayi. Akwai na'urar ba su jini, amma sun ƙi ta ƙememe. Maigidana ya ce ni kaɗai ce nake kwana cikin gidan sauro, gari ya waye in kai musu kaina.

Kwantiragina zai ƙare baɗi. Duk aikin da aka tallata, wanda ya iya nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta ake nema, ni kuwa ban san komai a nan ba. Na nemi horon wata shida a wata cibiya da ke haɗa masana halittu da masana lissafi, aka ɗauke ni.

Farfesa bai hana ni ba, ya dai kalli kejin, ya kalle ni. In sauron nan suka mutu, binciken da ban wallafa ba ya bi su. In na zauna, baɗi ba ni da aiki. Ga wani tsoron da ko maigidana bai sani ba: in zauna cikin ƙannen bayana, ana kirana Dakta, ina tambayar inda ake dannawa.

Taki, Mai Kiwon Sauro

Ƙanwata, dariyar kam na yi, ki yafe mini. Amma tsoronki ba shirme ba ne, wahalar shekaru ce a cikin kejin nan.

Raba su biyu tun yau. Rabi su ci gaba da shan damtsenki, rabi kuma na'ura kawai, su yi ta fushinsu. Waɗanda yunwa ta sa suka karɓa, su za ki bari su hayayyafa. Ki koya wa abokin aiki kula da su alhali kina nan kina gani. Sannan ki zauna da Farfesa ku tsayar da magana a rubuce: wa zai riƙe su, kuma ina sunanki zai fito idan an wallafa. Kallo ba amsa ba ce. In lokaci ya ƙure ba su saba ba, ki roƙi cibiyar ta ɗaga miki ranar farawa, amma kada ki mayar da gurbin.

Batun kunya kuwa, yaran kwamfutan nan ba su iya bambanta macen sauro da namiji ba. Za su tambaye ki kamar yadda za ki tambaye su.

Ba zan ce miki babu wanda zai mutu ba. Sai dai ki tuna, ko kin zauna, baɗi za ki bar kejin nan, kuma dole wani ya ciyar da su. Gara ki bar shi yanzu, kina da inda za ki.

Sauke hannun rigarki ki tafi. Allah ya ba da sa'a, ya raya miki su.