Labulen da kike gani a bayana

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya ya rufa muku asiri a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar tawa ta yi sauƙi sai dai in na daɗe a tsaye. Matar yayanki ta yi nauyi, ƙaramin nasu kuma ya fara haƙori, kowa ya ɗauke shi sai ya sha cizo. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa. Na ƙi yi miki saƙon murya ne don na san in na fara ba zan iya ƙarasawa ba.

Kin ce in an yi hutu za ki zo da yara ku sauka a ɗakina. Auta, babu ɗakin. Na kwana biyu da barin shi. Kin tuna dokar da aka yi cewa kada masu gida su ƙara kuɗin haya? Mu har murna muka yi a tsakar gida. Ba a jima ba mai gidan ya zo da fara'arsa ya ce gyara zai yi, kowa ya tashi. Ashe sito zai mai da shi. Rannan na bi ta wurin na leƙa ta taga, buhunan siminti ne jibge har inda nake shimfiɗa sallaya. Ƙusar da nake rataye carbi ma tana nan.

Ran da zan tashi kawunki da yayanki suka zo wai taya ni kwashe kaya. Ko tsintsiya babu wanda ya ɗaga. Kawunki ya zauna kan katifar da na naɗe, yayanki ya hau akwati, suka dasa gardama. Kawunki ya ce ai ga aikin su ranka-ya-daɗe na ofis, an zauna ƙarƙashin fanka an yanke wa mai gida farashi, to shi siminti ba ya neman a gyara masa famfo, me zai hana a kori mutum a sa buhu? Yayanki ya ce a'a, haɗamar 'yan kasuwa ce, da babu dokar ma da tuni sun ninka hayar sun watso ni titi, wai su kawu in aka bar su iska ma sai sun auna ta a mudu. Kawunki ya ce yaro, wandon da ka fara zuwa ofis da shi ribar kasuwa ce ta ɗinka shi. Daga haya suka koma shinkafa, wannan ya ce yanke farashi ne ya kore ta daga kasuwa, wancan ya ce ɓoye ta aka yi. Ni ina tsaye da tukunya a hannu ina jira su tashi in ɗauki kayana.

Kawunki ya fita a fusace yana cewa tunda gwamnatinsu ta kore ni sai ɗan gwamnati ya sauke ni. Yayanki bai ji ba, yana ta huci, ya juyo ya ce Mama gidan kawu za ki ko, tunda yana da ɗakin baya? Na dube shi, na tuna ɗakinsu guda ne, ga yara ga mace da ciki. Na ce eh. Da yamma kawunki ya bugo ya ce Yaya kin isa gidan ɗan naki? Shi ma na ce eh. Ƙanen da na goya na share wa majina, bakina ya kasa ce masa ba ni wurin kwana. Tun ranar kuma ba sa ga-maciji, shi ya sa har yau kowa yana zaton ina gidan ɗayan. In sun kira ni, kowa sai ya tambaya ko ana kula da ni a can, in ce sosai.

A shagon ƙawata tela nake, wadda nake sa wa maɓalli ina yi mata guga. In an tashi sai in ja tabarma ƙarƙashin teburin yanka, da sassafe in naɗe in tura bayan kekuna kafin masu kaya su zo. Allah ya saka mata, ba ta taɓa canza mini fuska ba. Girki ne dai babu hali. Sau ɗaya na kunna risho, wata ta dawo da leshinta ta ce warin albasa yake yi, ta tambaya ko kicin aka buɗe. Na sunkuyar da kai ina guga kamar ba da ni ake ba. Tun daga nan shayi da burodi ne, sai abin da ƙawar tawa ta ɗebo daga gida. Na je layin shinkafar rahusa, na ja mayafi har hanci kada wani ya gane ni, kafin a zo kaina ta ƙare. A hanyar dawowa na ga irin buhun nan a wani lungu ana sayarwa da tsada. To ke da kika yi karatu, wannan laifin wa? Ni dai na rasa, na ga kamar hannu biyu ne suka ɗaga ni suka ajiye a waje, kowanne yana nuna ɗan'uwansa.

Labulen nan mai furanni da kike gani a bayana in mun yi waya, na tsohon ɗakin ne. In na ga kiranki sai in yi maza in rataye shi a jikin kantar shagon in zauna gabansa. Rannan da takwarata ta ce Kaka ɗaga labulen in ga bishiyar tagarki, na ce mata sabis ba kyau na kashe. Wallahi ranar ko shayin ban iya sha ba. Yarinya ƙarama na yi wa ƙarya da furfurata.

Abin da nake roƙo, kada ki buga wa kawunki da yayanki ki yi faɗa, kada kuma maigidanki ya ji daga bakin wani kafin naki. Ni zan gaya musu. Na ce wa kowannensu ya zo shago ran Asabar da safe ya karɓi rigarsa da aka ɗinka masa, ban gaya wa ɗaya ɗayan zai zo ba. Ranar ba zan naɗe tabarmar ba. In sun ga dama su zauna a kanta su ƙarasa gardamar.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida surukarki ki yi mata ya jiki, ki shafa mini kan takwarata da ƙaninta sarkin kuka. Zuwa kuma kada ki fasa, ko ina Allah ya ajiye ni kafin nan za mu matsa mu kwanta. Gobe ki kira ni da bidiyo, ki ba takwarata wayar. Na cire labulen.

Ni ce mahaifiyarki, mai yi muku addu'a kullum.