Yau Na Goya Baba

Laraba da dare, Kibiya

Bayan la'asar wuta ta kama madafinmu, iska ta kaɗa ta wajen ɗakin Baba, maza kuma duk suna gona. Ban san lokacin da na shiga na goya shi ba, shi da ya shekara biyu bai taka ƙasa ba. Ashe haka ya rame! Maƙwabta suka kashe wutar, madafin kawai muka rasa, alhamdulillahi.

Ɗazu na matso da gadonsa bakin ƙofa, na ajiye ruwa bokiti biyu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, ban dai yi miki nauyi ba ko?" Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini.